Tsamin jiki bayan aikin ƙarfi: ƙwayoyin homiyofati da abin da nake yi a gidana

Duk shekara idan kaka ta kama, ranar da muka fara kwashe masara daga gona ba ta ba ni wahala. In dawo gida da yamma a gajiye, in yi wanka, in ci tuwo, in kwanta lafiya lau. Sai na tashi sallar asuba nake jin labari ya fara canzawa, zuwa kwana na biyu kuwa cinyoyina da gadon bayana kamar an kwana ana kirɓa su da taɓarya. Ruku'u ya zama aiki, tasowa daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Wannan shi ne tsamin jiki. Duk wanda ya riƙe garma bayan ya daɗe bai riƙe ba, ko ya buga ƙwallo bayan shekaru, ko matar da ta wuni tana dakan biki, sun san shi.

Ni malamin kemistiri ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Kwana biyar ina riƙe da alli, Asabar da Lahadi in tafi gonarmu ta gado a wajen Giwa, don haka jikina bai taɓa sabawa da aikin ƙarfi kamar na wanda kullum yake cikinsa ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambayar da ake yawan yi mini game da wasu 'yan kwalabe masu fararen ƙwayoyi ƙanana, waɗanda mutanenmu suke dawowa da su daga Indiya, ana ce musu maganin homiyofati. Na sha su, na yi karatu a kansu, kuma ina so duk wanda zai sha ya san abin da yake sha.

A Delhi na fara ganinsu, lokacin da na raka Yayana aikin gwiwa. Ɗakin da muka kama a hawa na huɗu yake, gidan kuma babu lifta. Ranar da muka sauka ni na hau da akwatunanmu, na sauko na ɗauko jarkokin ruwa, na yi ta hawa da sauka har dare. Kwana biyu bayan haka mai gidan, wani dattijo mai farin gashi, ya gan ni ina saukowa a karkace, na rungume ƙarfen bene. Bai tambaye ni komai ba, ya shiga ciki ya fito da wata kwalba da ba ta kai ƙaramin yatsa ba, an rubuta Arnica 30C a jikinta. Ya karkata ta a hankali, ƙwayoyi huɗu kamar ƙwayar gero suka faɗa cikin murfin. Na miƙa tafin hannu, ya girgiza kai ya ce, "A'a ɗan'uwa, ba a taɓawa da hannu. Ɗaga harshenka." Ya juye mini su a ƙarƙashin harshe. Zaƙi kawai na ji, irin na alewa. Bayan kwana biyu ciwon ya tafi, dattijon ya yi murna kamar shi ya warke, ya ba ni kwalbar kyauta. Har yau ina yi masa fatan alheri. Sai dai ni manomi ne, na san a gona ma kwana huɗun nan ne jikina yake sakina, ko na sha wani abu ko ban sha ba. Wannan tunanin ne ya sa na bi diddigin abin.

Kafin maganar kowane magani, fara da gane irin ciwon da ke jikinka. Tsamin jiki yana da lokacinsa, ba ya zuwa ana tsakar aiki. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai maƙura tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya saki mutum cikin kwana biyar zuwa bakwai. Tsoka yake kamawa, ba gaɓa ba, kuma yawanci ɓangare biyu yake kamawa, cinyar dama da ta hagu, damtse da damtse. Idan ka danna wurin ko ka miƙe shi sai ka ji shi, idan ka ɗan yi tafiya sai ya lafa, ka zauna ya dawo. Abin da ke jawo shi ƙananan yagewa ne a cikin zaren tsoka, waɗanda ido ba ya gani, jiki kuma yana cikin gyaransu sai wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su ƙara kaifi. Aikin da ya fi kawo shi shi ne wanda tsoka take riƙe da nauyi alhali tana miƙewa, kamar sauke buhu daga kai a hankali, gangarowa daga tudu, saukowa daga bene, ko wuni a sunkuye da lauje. Ɗalibaina sukan ce mini sinadarin laktik asid ne ya taru a tsoka. Ba shi ba ne, shi wannan cikin awa ɗaya ko makamancin haka da gama aiki jiki ya kwashe shi, tun kafin tsamin ya iso.

Idan kuwa ana cikin aiki ka ji wani abu ya ce ƙas, zafi ya soke ka a wuri ɗaya, ya kumbura ko jini ya kwanta, ko ka kasa taka ƙafar, to wannan ba tsami ba ne. Targaɗe ne, ko yagewar tsoka, ko ma tsagewar ƙashi, kuma ba shi nake magana a kai ba. A je a duba.

Shi homiyofati asalinsa daga Jamus ne. Wani likita mai suna Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya mutu a Paris a 1843, shi ya kafa shi. A 1790 ya sha ɓawon itacen da ake fitar da kwinin daga cikinsa, yana lafiya lau, sai ya ji alamu irin na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya yanke cewa abin da yake jawo alamun cuta ga mai lafiya shi zai warkar da mai wannan cutar, idan aka ba shi kaɗan. Ya fitar da ra'ayin a rubuce a 1796. A yi masa adalci, a zamaninsa likitocin Turai zubar wa marar lafiya jini suke yi, suna ɗura masa sinadarai masu guba, to wanda ya zo da magani mai sauƙi da ba ya cutarwa dole mutane su ga bambanci. Daga baya abin ya samu gindin zama a Indiya fiye da ƙasarsa ta asali. A can akwai kwalejojinsa da asibitocinsa, har yana cikin fannonin da ma'aikatar AYUSH ta magungunan gargajiya, wadda gwamnatin Indiya ta kafa a 2014, take kula da su. Shi ya sa a Delhi za ka ga shagonsa kusa da kemis.

Masu wannan hanya ba sa ba da magani don sunan ciwo, yadda ciwon yake ji a jikinka suke tambaya. Don tsamin jiki, wanda suka fi ambata shi ne Arnica montana, wani tsiro mai fure rawaya, dangin furen rana, da ke fitowa a tsaunukan Turai. Suna ba da shi ga wanda yake jin kamar an yi masa duka, katifa ta yi masa tauri, ba ya son a taɓa shi. Idan kuwa sandarewa ce ta fi yawa, tashin farko ne azaba, amma da ka fara motsi ko ka ji ɗumi sai ta saki, to Rhus toxicodendron za su ba ka, wanda ake yi daga wani ganye mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Kishiyarsa shi ne Bryonia alba, na wanda ko yaya ya motsa ciwon ƙaruwa yake, ya fi son ya kwanta shiru ya danne wurin. Akwai kuma Ruta graveolens, da suke warewa ga ciwon da ya zauna a jijiyar wuyan hannu ko gwiwar hannu, irin na wanda ya wuni yana sara ko sussuka.

Yadda suke cewa a sha shi ne ƙwaya uku zuwa biyar a ƙarƙashin harshe, a bar su su narke, ba a haɗiya da ruwa. Baki ya zama babu abinci, kamar minti 15 kafin ci ko bayan ci. A juye a murfi, kada a taɓa da hannu. A ranar farko sukan ce a maimaita bayan 'yan awanni, da an ji sauƙi a rage, an warke a daina. Da yawansu suna hana haɗa shi da kofi, na'ana'a da kafur, suna cewa ƙamshi mai ƙarfi yana karya shi. Ka ga ke nan a wurinsu ba ya tafiya da man zafin da ke kowane gida a nan, irin su Robb da Aboniki, domin kafur da mentol ne a cikinsu.

Yanzu ga lambar da ke jikin kwalbar, a nan ne aikina na aji ya yi mini rana. Harafin C yana nufin an ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan tsiron an zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko sifirit, an girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne 1C. A ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a sake zubawa cikin wani 99, ya zama 2C. A haka ake tafiya. A 6C kashi ɗaya ne cikin tiriliyan. Da an wuce 12C, lissafin da muke koya wa ɗalibai da lambar Avogadro, wadda ake ƙidaya ƙwayoyin sinadari da ita, yana nuna da wuya a samu ko ƙwayar sinadari guda ta tsiron a ciki. Shi kuwa 30C ɗin da dattijon ya ba ni, kashi ɗaya ne cikin lambar da za ka rubuta 1 ka jera mata sifili 60. Da wannan ruwan ake jiƙa ƙwayoyin suga, a shanya, a zuba a kwalba. Harafin X kuma sirki ne na ɗaya cikin goma. Masu homiyofati ba sa musun wannan lissafi, cewa suke girgizar tana bar wa ruwan wani ƙarfi. Ni a iya abin da na sani na sinadarai ban ga ta inda hakan zai yiwu ba.

Amma ba a yanke hukunci da lissafin allo kaɗai, sai an gwada a jikin mutane, kuma an gwada. A Ingila, a wani bincike da aka wallafa a 1998, an ɗauki masu tseren dogon zango sama da 500, aka ba wasu Arnica 30X, wasu aka ba su ƙwayar suga zalla, ba tare da su ko masu ba su sun san wa ya samu wanne ba. Tsamin jikin da suka ji bayan tseren bai bambanta ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara binciken da aka yi a kan homiyofati gaba ɗaya, ta ce babu wata cuta da aka samu hujja mai ƙarfi cewa yana warkar da ita. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ba likitocinta shawarar su daina rubuta shi. Matsayina ke nan ni ma. Ƙwayoyin 30C ba za su cutar da kai ba, ba kuma su ne za su warkar da kai ba. Tsamin jiki ciwo ne mai tafiya da kansa, duk abin da ka sha a kwana na biyu shi zai karɓi yabo a kwana na huɗu. Ga kuma natsuwar da mutum yake samu idan wani ya kula da shi ya ba shi abu da hannunsa, ita ma tana rage jin ciwo, ban raina ta ba.

Idan duk da haka kana da kwalbar kana so ka sha, ban hana ka ba, amma ka duba abu biyu. Idan ka ga harafin Q ko alamar Ø, ko ƙaramar lamba irin 1X zuwa 3X, to wannan akwai ruwan tsiron na gaske a ciki, kuma Arnica guba ce idan aka haɗiye ta, tana sa amai da gudawa, tana taɓa zuciya. Irin wannan ba na sha ba ne. Na biyu, akwai man shafawa na Arnica, wasu da tsiron sosai a ciki. Shi a kan lafiyayyar fata kawai ake shafawa, ban da ciwo ko ƙujewa, ban da kusa da ido, kuma in fata ta yi ja ko ƙaiƙayi a daina. Duk wanda ka saya a nan gida, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. Mai juna biyu da mai shayarwa su tambayi likita tukuna.

Ga abin da nake yi ni, kuma shi nake sa yarana su yi. Ranar aikin, tun a gona nake shan ruwa, ba na jira sai ƙishirwa ta kai mini wuya. Idan zufa ta yi yawa, da na dawo in haɗa ruwan gishiri da suga na leda irin wanda ake ba mai gudawa, ko in sha kunu mai yawa. Da dare in ci abin da jiki zai yi gyara da shi, wake, ƙwai, kifi, awara, ko fura da nono mai kyau, sannan in kwanta da wuri. Barci ne rabin maganin.

Washegari kuskuren da aka fi yi shi ne kwanciya wuni guda. Jiki ƙara sandarewa yake. Ni da na idar da sallar asuba ba na komawa shimfiɗa, in zaga unguwa kamar minti 20 a hankali. Takun farko da ciwo, kafin in kai bakin titi ya fara saki. Sauƙin ba ya daɗewa, don haka nake maimaitawa da yamma. Aikin da ya jawo ciwon kuwa ba na komawa kansa da ƙarfi sai bayan kwana biyu ko uku.

Sai gashi, wanda iyayenmu suka daɗe suna yi. Uwargida takan ɗora ruwa, ta sirka shi yadda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki, ta tsoma tawul ta matse ta ɗora mini a cinya da ƙugu, ya huce ta sake tsomawa, kamar minti 15. Bayan nan ta narka man kaɗanya a tafin hannu ta yi mini tausa daga ƙasa zuwa sama, da tattausan hannu. Kada a bari wani ƙato ya hau bayanka da ƙafa ko ya murza tsokar da ƙarfi da sunan fitar da gajiya, naman da ya riga ya yage ba ya son haka. Man zafi yana taimakawa, ɗuminsa yana ɗauke hankalin jijiya daga ciwon. Amma a kiyaye, ba a shafa shi sannan a ɗora tawul mai zafi ko a ɗaure wurin tamau, yana ƙona fata. In za a yi duka biyun, a yi gashin, jiki ya huce, sannan a shafa kaɗan. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, kada ya gwada ruwan da kansa, wani ya gwada masa.

Idan ciwon ya hana ni barci nakan sha farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar awa shida, kuma babba ba ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Ibuprofen da diclofenac suna rage ciwo, amma ina tsoronsu a irin wannan rana, domin jikin da ya zubar da ruwa a rana idan aka ɗora masa su ƙoda ce take biya. Mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisance su sai da izinin likita. Abin da na fi ƙi shi ne haɗin nan da ake ƙulla wa 'yan ƙwadago a leda, ƙwaya biyar ko shida kala-kala, ba suna ba takarda. Da Tramadol, wanda yara suke sha don su yi aikin mutum biyu. Ba ya ƙara ƙarfi, kashe jin gajiya yake yi, mutum ya yi ta aiki tsoka tana lalacewa bai sani ba, ga kamun da yake yi wa mai shansa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana har na rubuta ta shi ne ɗan Yayana. Shekara biyu da suka wuce ya dawo hutu daga makaranta, ya shiga gayyar yankan shinkafa a fadama, ya wuni a rana yana gasa da waɗanda suka saba, ruwa kaɗan ya sha. Kwana biyu yana kwance. Mahaifiyarsa tana ba shi ƙwayoyin nan na Indiya da suka rage a gidan, an kuma sayo masa haɗi a leda. Da na je na tarar cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri kamar icce, ya kasa miƙewa tsaye. Na ce, "Yaya fitsarinka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kaɗan ne, kuma kamar baƙin shayi." Ban zauna ba, na sa aka kama shi muka sa a mota. A asibiti suka ce naman tsokar ne ya farfashe ya zuba cikin jini, yana neman toshe ƙoda. Kwana biyar ya yi ana yi masa ƙarin ruwa leda bayan leda, Allah ya sa ba a kai ga wankin ƙoda ba. Ba ƙwayoyin suga ne suka yi masa illa ba, amma sun sa an zauna jira ana ganin ai ana ba shi magani.

Saboda haka a riƙe waɗannan da kyau. Fitsari ya yi duhu kamar shayi ko zoɓo, ko ya ragu sosai, ko tsoka ta kumbura ta yi tauri da rashin ƙarfi, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, amai ko ruɗewa. Sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi ko mota, kada a yi mata tausa, jini ne kan iya daskarewa a jijiya. Ciwon ƙirji ko na hannun hagu da ɗaukewar numfashi bayan aiki ba tsami ba ne. Mai sikila kuma ciwon jikinsa bayan wahala ba a ɗaukarsa da wasa ko kaɗan. Duk tsamin da ya wuce mako bai ragu ba, a nuna wa likita.

Wani abin daɗi da tsoka take da shi shi ne tana koyo. Idan ta sha wahalar wani aiki sau ɗaya ta warke, karo na biyu tsamin ba ya kai na farko, kuma wannan kariyar takan ɗauki makonni. Shi ya sa ɗan ƙwadago yake dako kullum bai ji abin da nake ji ba. Ni yanzu da na ga masara ta fara bushewa, tun saura mako biyu nake fara shiri. In riƙa zuwa makaranta a ƙafa, in ɗauki jarkar ruwa daga rijiya zuwa ɗakin girki da kaina, in tsuguna in tashi sau goma safe da yamma. Ranar farko a gona rabin wuni nake yi, in fara da sanyin safiya, azahar ta yi mini a gida. Buhu kuma mutum biyu muke kamawa, mu durƙusa da gwiwa mu ɗaga, ba mu sunkuya da baya ba.

Asabar mai zuwa za mu fara yankan dawa. Na riga na gaya wa yaran cewa jarka biyu ta ruwa za a ɗora a kan babur, kuma ɗan Yayana, da ya ce lallai sai ya zo, ɗaurin dami zai yi a inuwar ɗorawa.